Gaɓar da Shanu Suka Ƙi

Har gobe ba na mance ranar da muka kai sabon injin ban-ruwa bakin gulbin Rima, kusa da Wurno. Lokacin ina ƙaramin malamin gona a sashen noman rani. Wata Talata ce cikin bazara. Shinkafa ta ɗauki ciki, tsohon injin ƙungiyar manoma kuwa ya kwana shida a mace. In aka ƙara mako ba ruwa, wahalar gida talatin ta tafi a banza.

Ƙa'idar aikin ita ce injiniya ya zaɓi mazaunin inji, ni in sa hannu cewa manoma sun yarda, sannan a sauke shi daga mota. Injiniya Nasiru, wanda aka turo daga Sakkwato, ya zaɓi wata doguwar gaɓa mai inuwar marke. Ya buga ƙafa, ƙasa kamar daɓe. Ya miƙo mini takarda.

Sai Baba Ɗan'ige, shugaban manoman, wanda ya yi sana'ar kamun kifi a ƙuruciyarsa, ya yi gyaran murya.

"Injiniya, ka ga sawun shanu nan?"

"Baba, inji za mu girka, ba mashaya ba."

"To, shanun Hilani sun bar shan ruwa nan tun makon jiya. Su da ba su yi boko ba, mi sunka gani?"

Aka yi dariya, ban da injiniya.

Abin da tsohon yake nufi, daga baya na gane shi sosai. Gaɓar wurin hawa biyu ce: laka a sama, yashi a ƙasa. Ruwa yana cin yashin a ɓoye. Muddin gulbi a cike yake, yana tokare gaɓar. Amma in aka rage sakin ruwa daga madatsar Goronyo, sai lakar ta zauna a kan iska. Rana ta tsattsaga ta, shi ke nan.

Ga biro a hannuna, ga babba yana jira. Na yi bisimilla a zuci na ce, "Ranka shi daɗe, mu dube ta daga ƙasa. In lahiya take, yanzu in sa hannu."

Ya harare ni, amma ya yarda. Ya tuɓe sabbin takalmansa, ya jera su a gindin marken, muka shiga kwalekwale. Da muka zo ƙarƙashin gaɓar, sai ga rami wanda jaki zai kwanta ciki, saiwoyi suna reto. Baba ya zura gorar tuƙi, ta shige duka.

"Innalillahi!" in ji injiniya.

"Yi a hankali, ɗana, kar gaɓar ta jiya," in ji Baba.

Ba mu koma ta can ba. Muka sauka gaba, inda shanu suka mai da mashayarsu, aka kira mota, aka girka inji. Kafin azahar ruwa ya kama hanyar gonaki.

Muna raka'a ta uku ta sallar azahar muka ji rugugi, ƙasa ta motsa ƙarƙashin goshinmu. Bayan sallama muka waiga: ba gaɓa, ba marke. Aka yi ta hamdala. Can Baba ya shafa addu'a ya ce, "Injiniya, takalmanka sun riga ka zuwa Sakkwato."

Injiniya ya yi dariya har da hawaye. Da silifan limamin gona ya koma gida, kuma a rahotonsa ya rubuta cewa manoma ne suka zaɓi mazaunin.

Shinkafar shekarar ta yi, Alhamdu lillahi. Ni kuwa har na bar aiki ban sake sa hannu a kan wata gaɓa ba sai na gan ta daga cikin ruwa. Ku da kuke fara aiki yanzu, in tsohon wuri ya yi gyaran murya, ku mai da biro aljihu tukuna.