Takardar da Malam Nicholas Ya Ƙi Sa wa Hannu

Har yau in aka ambaci Oga Abdulrauf a gaban Malam Nicholas, sai ka ga jijiyar wuyansa ta miƙe. Ni ma da nake ba ku labarin, raina bai huce ba.

Malam Nicholas mutumin Filato ne. Shekara talatin ya yi yana koyar da Turanci a sakandare, ya yi ritaya ya zauna a Orozo, a gefen Abuja. Da zama ya ishe shi, sai ya kama ɗaki a saman shagunan taya a Wuse, ya jera kujeru goma sha huɗu, yana shirya ma'aikatan gwamnati don jarrabawar ƙarin girma. Wata ma'aikata ce ke turo masa ɗalibai, da ita ajin ya dogara. Ƙa'idarta ɗaya: ba mai zama jarrabawa sai da takardar halarta mai sa hannun malam.

Koyarwarsa da faɗa take. Abin da ya fi tsana shi ne jimlar da aka buɗe da bayani, aka manta da mai aikin. Yakan rubuta a allo da Turanci: yana gudu ya kama motar Kuje, takalminsa ya tsinke. Sai ya juyo da alli a hannu. "A Hausa wannan ya wuce. A jarrabawa fa, wa ke gudun? Takalmin? Shi zai je Kuje?" A kwashe da dariya, amma ba mai sake faɗawa ramin.

To, sunan Oga Abdulrauf, mataimakin darakta a ma'aikatar, yana cikin rajista. Amma wadda ta zauna a kujerarsa ranar farko sakatariyarsa ce, Juwairiyya, uwar 'ya'ya huɗu, shekararta goma sha ɗaya a mataki ɗaya.

"Baba, oga na mitin. Ni ce wakiliyarsa."

Haka fa manyan nan suka saba. Ɗaurin aure a tura wakili, ta'aziyya a tura wakili, taron bita ma a tura wani ya sa hannu ya karɓo jaka. Shi oga a ganinsa karatu ma hakan ne.

Mako shida Juwairiyya ba ta yi fashi ba. Ta yi aikin gida ta rubuta sunan oga a sama, Malam ya soke da jan biro ya rubuta nata. Kafin a ankara ta fi kowa a ajin.

Ranar ƙarshe sai ga oga da kansa, ya hau matakala yana haki, turare ya cika ɗaki.

"Tica, an ce saura sa hannu."

"Wane ne kai?"

"Haba, ga sunana nan a rajista. Ai na turo wakili."

"In zazzaɓi ya kama ka, wakili ke sha maka magani?"

Ɗalibai suka sunkuyar da kai. Oga ya yi murmushi, ya rage murya. "Ka san ta teburin wa sunayen ɗalibanka ke bi kafin su zo nan?"

Malam ya sani sarai. Juwairiyya ta matso. "Baba, don Allah ka sa masa. A kaina zai huce."

Wannan maganar ce ta fi ƙona masa rai. Ya ɗauki takardar, ya rubuta sunan Juwairiyya da manyan baƙaƙe, ya sa hannu, ya buga hatimi, ya miƙa mata a gaban kowa.

"Wadda ta zauna a ajina ke nan. Oga, ana buɗe sabon aji ranar Litinin. Ka zo da biro."

Ba a buɗe ba. Ma'aikatar ba ta sake turo ko mutum ɗaya ba. Wata biyu ya yi yana zuwa Wuse yana share allo, sannan ya loda kujerunsa a akori-kura zuwa Orozo. Yanzu a barandarsa yake koyarwa, ɗalibai huɗu. Juwairiyya an mayar da ita ɗakin ajiyar fayil, aka ce sunanta ba ya cikin jerin masu jarrabawar bana. Takardar tana jakarta, tana jiran baɗi.

Oga kuwa kwana biyu kawai ya yi ya sami wani malamin da ya sa masa hannu. Yanzu darakta ne.