Gwamnan Tsibiri da Rufin Mama

A shekarun da nake koyar da tarihi a wata sakandare a Gwarinpa, na ci karo da labarin wani basarake ɗan Fotugal a cikin wani tsohon littafi da bangonsa ya yage. An tura shi mulkin wani tsibiri can tsakiyar teku, inda bayi ke noman rake. Yana can sai sarkin ƙasarsu ya mutu bai bar ɗa ba. Mutum biyu suka tashi neman gadon sarauta: sarkin maƙwabciyar ƙasa mai sojoji da jirage, da wani ɗan gidan sarautar da talakawa ke so. Labari ba ya isa tsibirin sai jirgin ruwa ya zo, jirgi kuwa sai ya ga dama. Wannan ya kawo umarnin a yi wa wancan mubaya'a, na bayansa ya kawo akasin haka. Duk wanda gwamnan ya zaɓa, in ɗayan ya yi nasara, wuyansa ne a kan gaba.

Marubucin littafin ya tausaya masa ƙwarai, har yana yabon dabararsa ta ƙin motsi sai ƙura ta lafa. Ni kuwa yau in na tuna mutumin nan raina ɓaci yake yi, domin na yi damina guda a ƙarƙashin irinsa.

Gidan hayar da nake ciki yana ƙarshen layi, bayan wani kwalbati da ke cika in an yi ruwa ya raba mu da titi. Mai gidan, wani Alhaji da ke zaune a Maitama, ya rasu, sai rigima ta tashi tsakanin babban ɗansa da ƙanin marigayin, wanda ya ce filin nasa ne tun asali. Aka tafi kotu. A tsakiya akwai mai kula da gidan, wani dogon mutum mai son kaya masu guga, da tarin makullai a ƙugu. Ni na laƙaba masa Gwamna bayan na ba maƙwabta labarin ɗan Fotugal. Sunan ya kai kunnensa, ya kuma ji daɗinsa, don ba wanda ya ba shi sauran labarin.

Lauyan kowane ɓangare ya ja masa kunne kada ya bar ɗaya ɓangaren ya buga ko ƙusa a gidan, domin wanda ya yi gyara zai tsaya gaban alƙali ya ce ai shi ke kula da gida. Gwamna ya ɗauki wannan ya ƙara masa nasa: ba mai gyara komai, har mu 'yan haya. Wai in an tambaye shi da izinin wa aka yi, sunan wa zai kama?

A ɗakin baya akwai wata dattijuwa Bagwariya da kowa ke kira Mama. Ta yi aikin shara a wata ma'aikata har ta yi ritaya, a ɗakin nan mijinta ya rasu, cocinta da asibitin da take karɓar maganin ƙirji duk tafiyar ƙafa ne daga nan. Danginta manoma ne a ƙauyen Paikon Kore, sun daɗe suna cewa ta koma gida, ita kuwa ta ce ba inda za ta. A farkon damina iska ta ɗage kwanon rufinta, daidai saitin gado.

Ina tsaye a bakin famfo ranar da ta tare Gwamna.

"Oga, ruwa yana shiga ɗakina. Katifa duk ya jiƙe."

"Mama, ki yi haƙuri. Magana tana kotu."

"Ruwa bai san kotu ba, Oga. Kwano ɗaya ne fa."

"Ki sa bokiti tukuna. Next month za a zauna."

Ta sa bokiti. Ta sa baho, ta sa tukunyar miya. Ta ja gadon zuwa wancan bango, ruwan ya bi silin ya same ta. Ɗakin ya soma warin danshi, tarinta kuma ya canza, har daga ɗakina ina jin sa.

Akwai wani kafinta Bakano a cikinmu, mutumin kirki, mai yawan sallama. Wata Asabar da hantsi ya shigo da fallen kwano da ya rage masa a wurin aiki, ya ce in riƙe masa tsani. Gwamna yana ɗakinsa na bakin ƙofa, rediyo a kunne, ba abin da zai gani. Aikin ba zai kai a dafa shayi a sha ba.

To amma kafintan nan tarbiyyar cikin birni gare shi. A inda ya tashi, ba a hawa rufi sai an sanar, don matan maƙwabta da ke tsakar gida su suturta jikinsu. Ya sa ƙafa a matakin farko, ya cika ƙirji, ya kwarara murya:

"Za a hau sama! Mata a kimtsa! Za a hau sama!"

A Gwarinpa! Inda kowa ke kulle a falonsa, ba macen da ke tsakar gida ko ɗaya. Wanda ya ji shi ne Gwamna, sai kuma maigadin gidan da ke jikin namu, wanda kowa ya san shi ke kai wa ƙanin marigayi rahoto.

Gwamna ya fito da gudu, makullai na kaɗawa, ya dafe tsanin.

"Sauko! Wa ya ba ka izini?"

"Ranka ya daɗe, taimako ne. Ba wanda ya aiko ni."

"Da ka yi shiru ka hau, da ban gani ba. Yanzu duk unguwa ta ji. So kake a kore ni?"

Nan zuciyata ta tafasa. Na ce masa, "Wato ka san ya kamata a gyara, tsoron kujerarka kawai kake ji? Tsohuwar nan a cikin ruwa take kwana!" Ya dube ni ya ce, "Malam, kai albashinka daga makaranta yake zuwa. Ni ban san wanda zai zama ogana gobe ba." Ya saɓa tsanin a kafaɗa, ya kai sito ya kulle. Kafinta ya tsaya riƙe da kwano yana ba da haƙuri, kamar shi ya yi laifi. Mama tana bakin ƙofarta tana kallo.

Mun gwada komai bayan nan. Na kira ɗan marigayin, ya ce in yi magana da lauyansa. Na je wurin ƙanin, ya ce ya amince a gyara, in dai za mu shaida cewa shi ya sa. Muka shimfiɗa leda ta ciki, ta cika da ruwa ta fashe. Gwamna kuwa duk wanda ya zo duba gida cikin su biyun, har ƙasa yake durƙusa masa, ya rantse cewa tun farko shi nasa ne.

A cikin makonnin nan na koma kan littafin, ina neman abu ɗaya: yaya mutanen tsibirin suka yi duk tsawon lokacin da gwamnansu ke jiran ya ga inda nasara za ta faɗa? Wa ya gyara musu rijiya, wa ya raba musu rigima, wa ya kula da bawan da ya kwanta ciwo a gonar rake? Ko layi ɗaya babu. An rubuta tsoron mutum ɗaya da kyakkyawan rubutu, an bar sauran jama'a kamar ba su da zuciya a ƙirji. Na yi jifa da littafin, abin da ban taɓa yi wa littafi ba.

Kafin damina ta ƙare 'yar Mama ta zo da a-kori-kura. Muka loda gado da tukwane, katifar kam a bola aka bar ta. Mama ta riƙe hannuna ta ce, "Malam, in an gyara, ka kira ni. Ni ba na son ƙauye." Na ce in sha Allahu. Ba ta daina kallon ƙofar ɗakin ba har motar ta haye kwalbati.

Da rani aka sasanta, gida ya zama na ɗan marigayin. Ya bar Gwamna a kan aikinsa, har da yabon ya riƙe amana. Washegari aka fito da tsani daga sito, aka kira kafintan nan dai, ya hau, wannan karon ba sanarwa, ya sauko kafin azahar.

Gwamna ya same ni a bakin ƙofa yana murmushi.

"Malam, ɗakin baya ya gyaru tsaf. Ko ka san mai neman ɗaki?"

Na ce, "Na san wata. Watan jiya muka je jana'izarta a Paikon Kore."