Gida na Uku a Takardar Ofis

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba na gama makaranta a Makarfi, na koma garinmu Taba da Turanci fal baki. Dagaci ya ɗauke ni malaminsa, don ni kaɗai ke iya karanta abin da ofis ya aiko. Kai ya kumbura, har tafiyata ta canza.

Wata rana aka aiko takarda, a rubuta duk wanda ba haifaffen garin ba ne. An raba ta gida uku: stranger, foreigner, alien. A wurinmu duk baƙo ne, amma na sha bulala a aji kan bambancinsu. Na farko wanda ba a san shi ba. Na biyu ɗan wata ƙasa. Na uku shi ma ɗan wata ƙasar ne, amma a bakin hukuma, wanda ba ya zama sai da izini.

Muna da wani tsohon maƙeri da ya zo daga Nijar tun babana yana goye. Matarsa tana kwance a maƙabartarmu, kuma ba shi da burin da ya wuce a sa shi kusa da ita. A garinmu, wanda ya binne nasa a ƙasarku ba a ƙara tambayarsa asali. Abin kunya ne, kuma na sani sarai.

Dagaci ya ce, "Malam, bar tsohon nan. Namu ne."

Na ce, "Ranka ya daɗe, takarda ce ta tambaya."

Aka kira tsohon, zaure cike da mutane. Na tambaye shi inda aka haife shi. Ya faɗa. Na sa shi a gida na uku, kuma don a san na iya, na fassara masa da ƙarfi.

Ya ce, "Ɗana, wa zan roƙa izinin?"

Ban sani ba. Sai na ce za a zo daga ofis.

Ba wanda ya zo. Amma duk sa'ad da mota ta yi ƙara a hanya, sai ya ajiye guduma, ya fito ƙofar maƙera ya tsaya. Haka ya yi damina guda. Kafin a yanke dawa ya ce wa maƙwabcinsa gara ya tafi da ƙafarsa da a fitar da shi gaban yara. Wata safiya ya biya maƙabarta, daga can ya yi arewa.

Daga baya na ji cewa takardun ƙauyuka ko buɗe su ba a yi ba. Har yau in na ji bugun guduma, sai in canza hanya.

Shekaru aka bar masa wurin kabari kusa da matarsa, ko zai dawo. Da maƙabarta ta cika aka sa wani a ciki. Ina cikin waɗanda suka haƙa.