Miyar Mama da Sunan da Ba Ta Furtawa

Yau kwana tara 'yata tana kwance a asibiti, likitoci sun daina haɗa ido da ni. Ɗazu ƙamshin miyar kaza ya taso daga ɗakin kusa, sai na tuna Mama, tsohuwar Bayahudiyar da na yi haya a gidanta a unguwar Glenwood. Bara ta rasu.

Ba ta furta sunan Ubangiji, sai dai ta ce "Sunan nan". Ranar da cikina na fari ya zube, ta zaunar da ni a kicin, ta turo mini kwanon miyar kaza yana tururi. Na ce, "Mama, na kasa addu'a, tambaya ce kawai a bakina."

Ta riƙe hannuna da yatsunta masu sanyi, ta ce, "Tambaye shi mana, 'yar nan. A wurinmu shi ɗaya ne, ba shi da jiki, ba shi da kama, amma yana ji. Har gardama muke yi da shi."

Ni ban iya gardama ba, Mama, roƙo kawai na iya. Ya Allah, ka saka mata da alheri, ka bar mini yarinyar nan.