Noelene Ba Ta Sauke Ƙafa

Noelene Zammit ta yi shekara arba'in da ɗoriya a kan babur, amma ba ta taɓa riƙe kansa ba sai da furfura ta gama cinye mata kai. Duk wanda ya tashi a garinmu Marian ya san su, ita da mijinta Wenzu. Ranar Lahadi da an fito daga coci, shi a gaba, ita a baya, baƙin babur ɗin nan nasu mai gurnani zai ratsa gonakin rake ya nufi dutsen Eungella. A can sama su sha shayi, su ci pastizzi, ɗan gashin fulawa mai cuku a ciki, wanda ta gasa ta ƙulle a ƙyalle, su gangaro kafin rana ta yi sanyi. Ni Dulcie shinge ɗaya ne tsakanina da su, kuma tare muka yi aiki da ita a kantin abincin ma'aikatan injin rake har muka ajiye. Abin da zan faɗa ba a bakin wani na ji ba.

Wenzu mutum ne mai cika baki, kuma babban abin da yake cika baki da shi matarsa ce. Yakan ce a duk kwarin nan babu wanda ya iya zaman goyo irinta. Tun suna saurayi da budurwa ya kafa mata doka ɗaya: “In na tsaya, kada ki kuskura ki sauke ƙafa. Ƙasa tawa ce, ke dai ki zauna.” Ta kuwa zauna. Ko jirgin ƙasan dakon rake ne ya tare su a mararraba, Noelene na bisa kamar an ɗinke ta da kujerar, idonta a ƙeyarsa. In ya karkata ta karkata. Ta taɓa gaya mini har gyangyaɗi take yi a hanya, na ce mata lallai ke Allah ne yake kiwonki.

Ciwon suga ne ya fara cin idonsa, daga baya ya gangara ƙoda. Ita ta koma tuƙa shi a mota zuwa asibitin birnin Mackay wankin ƙoda. Babur ya koma rumfa. Da hantsi sai in hango shi ta shinge, ya laluba ya hau, ya kama kan babur ɗin da hannu biyu, yana zaune shiru kamar mai jiran a ba shi hanya. Ban san abin da ya fi wannan ci mini rai ba a lokacin.

Ta kai shi Eungella a mota sau ɗaya. Ya dawo yana mita. “Wannan ai akwati ne mai taga. Ban ji sanyin dutse ba, ban ji ƙamshin daji ba. Makaho da hanci yake kallo, 'yar tsohuwa, ke kuma kin rufe ni a firji.” Abokan hawansa suka ce su za su goya shi. Ya ce, “Ni? In rungume ƙugun gardi a tsufana? Ku bari in mutu da mutuncina.” Aka yi dariya, amma da gaske yake yi.

Ranar da likita ya ja ta gefe ya yi mata magana a hankali, ba ta shiga gidanta ba, wajena ta zo. Ta ce, “Dulcie, ni zan goya shi. Sau ɗaya dai, har saman dutsen.”

Na ce, “Ke da ko keke sai da mutum ya riƙe miki?”

Ta ce, “Akwai kwas a Mackay, Asabar da Lahadi. Na tambaye su a waya, sun ce ko wanda bai taɓa hawa ba ya zo.”

Kwana biyu! Ni da na shekara ina koyon murza fulawar pastizzi a hannunta har yau ban iya ba. Amma gemu ba ya hana ilmi, kuma na ga idonta, sai na ja bakina na ce zan raka ta.

Filin koyon wani tsohon wurin ajiye motoci ne, an jera robobi masu tsini a kan kwalta. Sauran 'yan koyon samari ne da wata budurwa, dukkansu a kan baburan gona suka girma, takarda kawai suka zo karɓa. Sabon shiga na gaskiya mutum ɗaya ne a wurin, ga ta can cikin hular kwanon da ta yi mata yawa. Malamin, wani dogo mai suna Trent, ba mugu ba ne. Agogo ne dai a hannunsa, kuma agogon shi ne maigidansa.

Da ƙyar ta samu babur ɗin ya daina mutuwa a hannunta. Ya tafi da ita a hankali, ta isa layin da aka ce a tsaya, ta taka birki tsaf yadda aka koya mata. Babur ya tsaya. Ita kuma ta ci gaba da zama, ƙafafunta a kan matakai, tana jira. Suka kife tare, ita da shi.

Trent ya ruga ya ɗaga ta. “Mama, in kin tsaya, ƙafa ƙasa.”

“Na ji, ɗan nan.”

Ta sake zagayowa, ta tsaya, ta sake kifewa. Ɗaya daga cikin samarin ya toshe baki da safar hannu. Na harare shi har sai da ya sunkuyar da kai.

“Mama, ƙafa fa!”

“Kaina ya sani, ɗan nan. Ƙafar ce ba ta da labari.”

Sabo turken wawa, in ji masu magana, amma wannan ba wauta ba ce, biyayya ce ta shekara arba'in. Ga kuma ido. Trent yana ta cewa ta kalli inda take son zuwa, ita kuwa idonta na tsayawa nan gabanta kaɗan, daidai inda ƙeyar mutum ya kamata ta kasance. Sauran sun wuce zuwa sauya giya, sun wuce zuwa kwana, ita tana nan tana fama da tsayuwa. Babu wanda zai jira ta, domin darasi na gaba yana da lokacinsa. Kafin la'asar Trent ya zo ya tsuguna gabanta ya ce ta huta haka, kada ta karye. Ya ce ta samu inda za ta saba da babur a natse, ta dawo. Na ce masa, “To da kun faɗi haka a waya mana!” Ya sosa ƙeya ya koma wajen sauran.

A gida Wenzu ya yi dariya har da tari. Sai ya miƙa hannu ya shafa gwiwarta, ya ji kumburin, dariyar ta ɗauke. Ya ce, “Ni na ɓata ki, Noli.”

Ta ce, “To gyara abin da ka ɓata.”

Suka samo ƙaramin babur na hannu. Wenzu ya sa aka ajiye masa kujerar roba a ƙarƙashin mangwaro a bayan gida, ya zama malami da kunne. “Totur ya yi yawa! Saki kuloci a hankali, ba wuta kika taɓa ba!” Da ya ji ƙarar injin ta sauka sai ya daka tsawa: “Ƙafa!” Duk layinmu babu wanda bai haddace wannan kalma ba, har akun maƙwabtanmu na gidan Vella ya ɗauka. Mutumin da ya hana ta taka ƙasa tun tana budurwa, shi ne yanzu yake roƙonta ta taka. Makonni suka yi ta wucewa, ita tana ƙara tsayuwa, shi kuma wandonsa yana ƙara yi masa yawa. Muna gani, babu mai faɗa.

Ta koma kwas ɗin, ta sake faɗuwa a kwana. Ta koma na uku. Ranar Lahadin nan da yamma Trent ya miƙa mata hannu ya ce ta ci. Na yi guɗa a filin mutane ban ji kunya ba. Noelene ta cire hula, gashinta ya manne da zufa, tana haki tana dariya. Ta ce, “Allah ya yi maka albarka, ɗan nan. Lahadi mai zuwa zan goya tsohona mu hau Eungella.”

Na ga fuskar Trent ta canja. Ya ce, “Goyo kuma, Mama?”

“Mijina. Ba ya gani. Don shi na zo.”

Ya ce, “Mama, ɗan koyo ba ya goyo. Na faɗa a aji.” Ya faɗa ɗin kuwa, cikin tulin abubuwan da aka zuba musu da safe, lokacin da hankalinta ke kan kuloci. Ya shiga lissafa mata: wata uku tana 'yar koyo, ta dawo wani kwas, in ta ci, sai ta cika shekara guda tana hawa ita kaɗai kafin doka ta yarda ta ɗauki mutum.

Ta ce, “Likita bai ba shi shekara ba.”

Trent ya kalli kwalta. “Ba ni na yi dokar ba, Mama. Da kin gaya mini tun ranar farko...”

“Da me za ka yi?”

Ya juya ya shiga tattara robobinsa. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Ni mai baki kamar reza, na so in samu wanda zan zaga, amma wa? Abin da ya fi ba ni haushi shi ne dokar ba ta yi ƙarya ba. Na san kwane-kwanen hanyar dutsen nan, na kuma ga sau nawa ta kife a fili. Wenzu kansa bai san da zancen ba, don shi a zamaninsa ɗan sanda ne ya tsaya a baranda ya ce ya zagaya layi ya dawo, aka ba shi lasisi.

Yayan Noelene yana da gonar rake a hanyar Mirani, kuma hanyar cikin gona ba ta hukuma ba ce. Can muka kai Wenzu wata safiya. Muka ɗora shi a bayanta, ni da yayan, bai fi nauyin buhun taki ba. Sai ga shi gwanin babur na kwarin nan bai iya zaman goyo ba ko kaɗan. Hannayensa suna zarce ƙugunta suna neman kan babur. In ta karkata hagu, shi ya ja dama. Da ya ji ta rage gudu sai ya zura ƙafa ƙasa.

Ta yi ihu, “Ɗauke ƙafarka, tsoho! Ƙasa tawa ce!”

Ba su kai ƙarshen layin rake ba suka kwanta a gefen kwalbati. Hannun da ake sa masa allurar wanki shi ya bugu. Muka kwasa sai asibiti, Noelene tana tuƙi tana kuka, shi yana baya yana cewa a daina yi masa makoki da ransa. Allah ya taƙaita, amma ta rantse ba za ta ƙara ba. A gadon asibitin ne ya lalubo hannunta ya ce, “Ashe zama ma aiki ne. Shekara arba'in ban taɓa ce miki sannu ba.”

Daga nan Lahadinsu ta koma rumfa. In an taso daga coci sai su buɗe ƙofar, ta kafe baƙin babur a kan jak, ta hau gaba, shi a baya, ta tayar da injin. Shi yake faɗar hanya da ka. “Ga gadar nan, rage. Mun wuce Finch Hatton. Yanzu hawa ne, kwanta hagu, hagu na ce!” Sai in ga sun karkata tare a cikin rumfa, gaban injin yankan ciyawa da gwangwanayen fenti. Nakan bar shanyata a igiya in shige ɗaki, don ba na iya kallo.

Ya rasu ana tsakiyar yankan rake. Na ɗauka za ta sayar da baburan, sai ta ci gaba. Abokan Wenzu suka riƙa bin ta a baya har ta gama watannin koyo, ta ci kwas na biyu, ta fara hawa ita kaɗai. Ba ta taɓa hawa dutsen ba, iyakarta gindinsa ta juyo.

Wata Lahadi na ji ƙarar babur a ƙofata. Na fito na same ta riƙe da hular kwanon Wenzu. Ta ce, “Shekarar ta cika jiya. Yau doka ta yarda. Hau.”

Na ce, “Ni da ko lilo tsoro yake ba ni?”

“Hau mana, Dulcie, kada ki sa in roƙe ki.”

Na hau, na ƙanƙame ta, na ɗora ƙafafuna a kan matakai ina karanto duk addu'ar da na sani. Ta ja mu lafiya lau, babu ko tangaɗi. Muka wuce coci, muka wuce injin rake, muka isa mararrabar jirgi inda hanyar Eungella ta miƙe. Babu jirgi, babu mota, amma ta tsaya. Ta sauke ƙafa ɗaya ƙasa, daram. Injin yana ta gurnani, ita ba ta motsa ba. Ina jin bayanta yana rawa a ƙirjina.

Can ta ce, “Sauka, ƙawata. Ki yafe mini. Nauyin ba nasa ba ne.”

Na sauka. Na tsaya a bakin hanya rungume da hularsa, ita tana kan babur tana kallon dutsen, kujerar baya babu kowa.