Konseyen da ya auna gari da makara

Da kakar bana yayana Lawali ya cika shekara tara a ƙasa. Ban yi niyyar rubuta komai ba. Shekarun baya haka suke zuwa su wuce, a dafa gero a yi sadaka, malamai su yi addu'a, kowa ya kaɗe rigarsa ya tafi. Mutane suna cewa Sani akwai haƙuri, ni kuwa na san ba haƙuri ba ne. Tun ranar da muka rufe shi wani wuri a ƙirjina ya mutu, irin yadda ƙafa take mutuwa in ka daɗe zaune a kanta, kuma har yau bai farfaɗo ba. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami bana wani abu ne da ya faru a ƙofar gidana, kuma ba zai faɗu ba sai na fara da Lawali.

Garinmu ƙauye ne a ƙasar Dungass, ba nisa da Mallawa, kuma Lawali ya yi mana konseye, wato wakilinmu a majalisar kwamin, ƙaramar hukumarmu. Manomi ne, yana ɗan taɓa fataucin gyaɗa zuwa tsallaken iyaka. Bai iya magana a taro ba, in ya miƙe sai ka ga dattawa sun fara gyangyaɗi. An zaɓe shi ne don ba wanda ya taɓa kama shi da ƙarya, kuma, a faɗi gaskiya, don dangin matarsa suna da yawa. Ya yi ta zirga-zirga a kan tsohon motonsa mai ƙafa biyu har aka gyara famfon gari, aka ƙara aji a lakwal, makarantar bokonmu. Amma in ka tambayi kowa a garin nan wane ne Lawali, ba zancen famfo zai yi maka ba, cewa zai yi Konseye Mai Makara.

Sunan ya samo asali ne daga rasuwar Innarmu. Tsohon garinmu an gina shi ne yadda iyali suke ƙaruwa. A yi wa yaro aure, a tura katanga gaba a fitar masa da ɗaki, har lunguna suka matse, mai dami a ka sai ya karkace yake wucewa. Gidanmu yana can ciki, kuma kafin ka fita fili akwai wata kusurwa tsakanin zaurenmu da ɗakin maƙwabciyarmu Iya Delu. Ranar da Inna ta rasu muka ɗauko ta, Lawali a gaba ni a baya, muka zo kusurwar nan makara ta ƙi juyawa. Muka ja baya muka sake gwadawa, ta ƙi. Daga ƙarshe aka ɗaga ta aka miƙa ta ta saman katanga, hannu zuwa hannu, kamar damin gero za a sa a rumbu. Ina riƙe da baya na ji jikin Inna ya zamo ya daki hannuna. Ba wanda ya ce uffan, don ba a kanta aka fara ba. Lawali ma bai ce komai ba sai bayan shekaru, da ya zama konseye.

A zamaninsa ne hukumar kwamin ta yarda a yanka filayen gidaje a gabashin gari. Ma'aikaci ya zo da kayan awonsa ya kafa duwatsun siminti, tituna suka miƙe, kowa ya yi murna. Rigimar a tsohon gari take. An ce duk wanda ya ja katangarsa baya za a ba gidansa fili a sabuwar unguwa, amma kowa yana ganin katangar maƙwabcinsa ce ta shigo hanya, tasa kuwa tun kaka da kakanni a nan take. Aka yi ta zama a ƙofar maigari har tabarmi suka gaji, ko tubali ɗaya ba a cire ba.

Wata safiya Lawali ya tsaya wajen liman ya ce a ara masa makarar masallaci.

"Innalillahi! Wa ya rasu?" in ji liman.

"Ba kowa, Malam. Amma akwai masu rasuwa."

Liman ya ce ya ɗauka, amma kada ya dawo masa da ita a karye. Lawali ya kira ni da wasu mutum biyu, muka saɓa makara ba kowa a cikinta, muka shiga lunguna. Ban so ba, amma yayana ne, kuma ban saba yi masa gardama ba. Mata suna hango mu suna salati suna janye 'ya'yansu. Inda ta wuce da mu huɗu ba ta gogi bango ba, sai mu yi gaba. Inda ta cije, sai Lawali ya ce a ajiye, ya yi sallama da maigidan ya fito. Ba ya wa'azi, ba ya ɗaga murya. Magana ɗaya ce gare shi: "Wane, ta nan za a fito da kai. Duba ka gani." Masu bakin da suka cika mana kunne a ƙofar maigari, nan sai ka ga sun koma ciki neman diga.

Da zaurenmu ya fara, wanda Babanmu ya gina da hannunsa. Ya sa aka yanke masa kusan rabi, har yau in baƙi sun yi yawa wasu a waje suke zama. Sai kuma ɗakin Iya Delu. Ta fito da muciya a hannu, zani ɗaure a ƙirji, ta ce, "Lawali, ni ka kawo wa makara ƙofar ɗaki? Na goya ka a bayan nan nawa, yau ka zo kana yi mini fatan mutuwa? To wallahi kai za ka riga ni shiga cikinta!" Aka kwashe da dariya, har shi. An rushe ɗakin, aka yi gayya aka gina mata wani daga ciki, filin da aka ba ta kuma ta bar wa jikanta. Amma ta daina amsa gaisuwarsa, in ya durƙusa sai ta juya ta ci gaba da tsintar wakenta.

Kada in mayar da shi waliyyi. Aikin nan ya ci mutane. Akwai waɗanda aka ba fili ba su da ƙarfin ginawa, suka sayar wa 'yan kasuwa, suka rasa ɗaki suka rasa fili. Akwai gidajen da suka rabu, samari a sabuwar unguwa, tsofaffi a tsohon gari ba mai ɗebo musu ruwa. Lawali ya san da haka, kuma taurin kansa bai bari ya nemi gafarar kowa ba. Amma amalanke ya riƙa shiga har ƙofar gida, aka riƙa fita da mai naƙuda zuwa likita ba sai an ɗauke ta a tabarma ba, ruwan damina ma ya samu hanyar wucewa.

Ciwonsa bai daɗe ba. A gona ya faɗi ana yankan gero, aka kai shi likita a Magaria, gawarsa aka dawo mana da ita. A gidan Babanmu aka yi masa wanka, kuma ni ne dai a bayan makara. Muka zo kusurwar nan muka wuce, ko sassauta tafiya ba a yi ba. Manyan mutane suna share hawaye da hannun riga, ni kuwa abin da kawai na lura da shi ke nan, cewa ba ta gogi bango ba. Na jira kuka ya zo a maƙabarta, na jira shi a zaman makoki, bai zo ba. Ana cikin karɓar gaisuwa Iya Delu ta aiko a kira ni. Na same ta zaune a ƙasa, ta ce, "Sani, bakina ne?" Na ce, "A'a Iya, kwana ne ya ƙare." Ta ce, "Ni fa fushi ne kawai na yi." Na ce na sani, shi ma ya sani.

Nakan tambayi kaina, da zai leƙo yau me zai ce. Sabuwar unguwa ta cika ta batse, gidajen siminti da rufin kwano, faifan sola a kan kowane ɗaki. Wannan zai yi masa daɗi, ko da yake ba zai nuna ba. Konseye kuwa yanzu babu a gari, an rushe majalisun, ba wanda za ka tare a hanya ka kai wa ƙara. Lungunansa kuma sun fara komawa gidan jiya a hankali. Wannan ya fito da dakali, wancan ya haƙa salga a waje, wani ya kafa turken awaki ya zagaye da zana, zanar ta zama katanga. Ba wanda ya ci da yawa, kowa ɗan taki ɗaya ya ɗiba. Ina wucewa ina gani, ban taɓa buɗe baki ba, don ban ji komai a raina ba.

Ɗa namiji ɗaya Allah ya ba ni, Mutari. Ya yi shekaru yana ci-rani a arewa, bayan hamada, wani lokaci mu yi watanni ba mu ji muryarsa ba. Bara ya dawo da ɗan abin hannunsa, ya ce ya gaji, zai buɗe kanti ya zauna gida ya yi aure. Filin gidanmu na sabuwar unguwa iyalan Lawali ne a ciki, kuma can ƙarshen gari ne, ba mai zuwa sayen sukari. Kusurwarmu kuwa duk mai zuwa famfo ta nan yake bi. Zauren da aka yanke ba ya ɗaukar kanti, saboda haka Mutari ya sauke bulo ya fara gini daga jikin zauren zuwa cikin lungu, daidai inda Lawali ya rushe. Ya ce, "Baba, kowa ya fito da nasa. In na samu wurin nan na zauna ke nan, ni da hamada har abada." Na yi shiru, kuma shirun nan yarda ce. Ina son ɗana a gida, uwarsa har ƙiba ta fara yi.

Gini ya kai ƙirji, sai Iya Delu ta rasu da daminar nan. Ƙarfina ya ragu, amma na ce zan kama ko daga ɗakinta zuwa fili, na riƙe baya, Mutari yana gaba. Muka zo kusurwa makara ta cije a jikin bulonsa. Aka ja baya aka sake gwadawa, ta ƙi. Aka ce a ɗaga. Tsohuwar ba ta da nauyi, duk ta ƙare, amma na ji ta zamo ta daki hannuna daidai wurin da Inna ta daka.

Bayan an share makoki na je wajen liman, wanda shi ma tsufa ya kama shi, na ce a ara mini makara. Bai tambaye ni wa ya rasu ba. Cikin mu huɗu na yawon farko mu biyu muka rage, ni da Malam Habu, mu muka jawo ta muna hutawa a hanya har muka ajiye ta a gindin ginin. Na yi sallama a ƙofar gidana kamar baƙo, Mutari ya fito. Na shirya maganganu da yawa, amma ta Lawali ce kawai ta zo bakina.

"Ta nan za a fito da ni. Duba ka gani."

Ya dubi makara, ya dubi bulo. Ya ce, "Na gani, Baba. Amma ka san abin da ya rage mini in babu wurin nan."

Na ce, "Na sani."

Bai yi mini rashin kunya ba, da ma ya yi. Da kansa ya sauke bulon ɗaya bayan ɗaya, yana lallaɓawa kada su fashe, ya sayar wa wani mai gini a sabuwar unguwa. Ya tsaya ya taya ni kai gero rumbu, sannan ya shiga motar Damagaram, daga can ya yi arewa. Sadakar Lawali ta bana ba da shi aka yi ba. Uwar Mutari tana kawo mini tuwo ta ajiye ta juya, maganarmu ba ta wuce ta dole. Wasu maƙwabta da suka ga haka sun janye turakunsu, wasu ko a jikinsu.

Ana tambayata ko abin da na yi daidai ne, kuma ban sani ba. Ranar da motar ta tashi na tsaya a tasha ina jiran in ji wani abu ya tsinke a cikina, na dawo gida na ba awaki harawa. Famfon da Lawali ya yi wa wahala ya lalace an kafa wani, ajin da ya roƙo an rushe shi an yi na siminti, yaran da ake haifa yanzu sunansa ma ba su sani ba. Abin da ya rage nasa a garin nan shi ne ɗan filin da ya hana a gina, faɗin mutum huɗu da gawa. A da ina tsammani ya gama biyansa da rabin zauren Babanmu da gaisuwar Iya Delu, ashe da saura, kuma a kaina ya faɗo.

Allah ya jiƙan Lawali, ya jiƙan Inna da Iya Delu, ya yalwata musu kabarinsu. Jiya da hantsi na tsaya a kusurwar nan na auna ta da ido, yadda ya koya mini. Yaya, hanyarka tana nan a buɗe, za ta wuce da ni ba ta gogi bango ba. Wanda zai riƙe mini gaba ne ban sani ba.