Nauyin Baba Sabo a Duniyar Wata

Balaraba, daren jiya wani mafarki na yi, har yanzu zuciyata tafasa take. Amma bari in fara gaya miki abin da na kwanta da shi.

Ranar Alhamis ina koya wa 'yan ajin ƙarshe fiziks. Kin san a darasin nauyi Turawa kalma biyu gare su, "mass" da "weight", mu kuwa "nauyi" ɗaya muke cewa, shi ya sa yaran ke faɗuwa a wannan tambayar duk shekara. Sai na juya Hausa. Na ce musu ɗaya shi ne yawan abin da ke jikin abu, ba ya canzawa ko'ina aka kai shi, ɗayan kuma jan da ƙasa take yi masa ne. Na ce buhun gero a duniyar wata ba zai ragu ko ƙwaya ba, amma da hannu ɗaya za ka ɗaga shi. Wallahi har Saude, da ba ta taɓa buɗe baki a aji ba, ta ce, "Au, ashe haka ne!"

Ashe Baba Sabo, mataimakin shugaban makaranta, yana tsaye a taga. A gaban yara ya ce mini nan ba kasuwa ba ce. Wai ranar Litinin in ba da haƙuri a gaban malamai, in daina Hausa a aji, ko ya karɓe ajin, ga jarrabawa ta ƙarato. Na sunkuyar da kai kawai. Aminin mahaifina ne, a hannunsa na girma, nauyinsa nake ji.

To a mafarkin, ina tsaye a aji sai kawai rufin ya yaye, na gan mu a duniyar wata. Ƙasa fara fat kamar toka, ba iska, ba tsuntsu. Ɗalibaina suna ta shawagi sama da kujerunsu, hijabansu a buɗe, ina kamo ƙafar wannan waccan tana tashi. Saude tana kirana amma ba na jin muryarta.

Sai kawai ga Baba Sabo a zaune gaban sikelin ƙugiya irin na masu hatsi. Ya rataya buhun gero, allurar ta ɗan motsa kaɗan. Ya ce, "Kin sace geron." Na ce, "Baba, a kwance buhun a duba, yana nan cif." Bai ko kalle ni ba. Ya ce in maimaita da Turanci.

Nan raina ya ɓaci. Na lalubi nauyin nan nasa da nake ɗauke da shi a ƙirji tun ina yarinya, na ji wayam, ya tafi tare da na geron. Balaraba, na buɗe baki! Na ce masa yaran nan haddar kalmomi suke kamar aku, ba su san me suke faɗa ba. Na ce da Hausa ya koya mini lissafi a zauren gidanmu, da tsakuwa da 'ya'yan dabino, yau kuma Hausar ce ta zama ƙazanta? Na ɗaga shi da kujerarsa da hannu ɗaya, na rataya a ƙugiyar. Allurar ko motsi ba ta yi ba. Ya dube ni daga can sama, hularsa na yawo, ya ce, "Ladidi, ni ne fa." Sunan da ba mai kirana da shi sai shi da marigayi mahaifina.

Na farka haƙorana a cije, hannuna a sama. Ina tuna Litinin sai na ji nauyin nan nasa ya dawo ya danne mini ƙirji, bai ragu ko ƙwaya ba.

Ke da kika san mu duka, me wannan mafarkin yake nufi? In faɗa masa a nan ƙasa, ko sai a duniyar wata bakina yake buɗewa?